Hoton da na ɗauka da kunne

Sana'ar hoto wahala ce, kuma a cikinta babu abin da ya kai hoton jariri cin rai. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina durƙuso a gaban mutanen da ba su da haƙori, ina yi musu kukan akuya, har gwiwata ta hagu ta gaji da ni. Yau in zan tashi daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Sannan yaro ya zo ya zauna mini a benci a ƙofar shago, ya zaro waya daga aljihu, ya ce wai Baba Ɗanlami ai ku kun ci banza, aikin naku dannawa ce kawai. To ku masu cewa dannawa ce, ku gyara zama.

Lokacin da na shiga sana'ar nan, filim ɗaya hoto talatin da shida ne. In ka iya saka shi ka matso na talatin da bakwai, ranar ka yi sa'a. Kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Ku yanzu kuna danna ɗari, ku goge casa'in da tara, ku nuna wa mutane guda ɗaya ku ce kun iya. Mu in ka danna, ka danna ke nan. In mutum ya ƙifta ido, haka zai zauna a bangon ɗakinsa yana barci har jikokinsa su gani.

Kayan aikin ba su da yawa. Kyamara a kan ƙafa uku, da filasha mai cin batir kamar gara. Labule biyu, ɗaya an zana jirgin sama, ɗaya an zana lambu da wani gida mai bene da babu irinsa a duk cikin birni. Fulawar roba, da mataji, da hoda, da wani mataccen tarho da samari ke karawa a kunne su yi kamar suna magana da Legas. Sai igiyar dannawa, wata doguwar roba ce siririya mai ƙwallo a ƙarshe irin na abin awon jini, ka matsa daga nesa kyamara ta ɗauka. Na jarirai kuma akwai kacau-kacau, da usur, da tarin makullai. Waɗannan ukun na daɗe ina zaton su ne sana'ar.

A wajen Baba Sule na koya, can wajen Ƙofar Mata. Mutum ne da ba ya bayani. In ka yi daidai ba zai ce komai ba, in ka yi kuskure ma ba zai ce komai ba, sai dai ya dube ka, kai kuma ka je ka yi ta tunanin wanne ne. Sai da na shekara biyu ina shara da yankan fasfo kafin ya bari na leƙa ramin kyamara da mutum a gabana.

Jaririn farko da ya bar mini, 'yar wani marini ce, uwarta ta kawo ta, wata biyar da haihuwa. An shafa mata kwalli har kunne, an ɗaura mata ɗankwali da ya fi kanta girma. Na ce yau zan nuna wa Baba Sule na iso. Na kaɗa kacau-kacau, na busa usur, na yi tafi, na yi tsalle da ƙafa ɗaya. Yarinya ta dube ni yadda ake duban mahaukacin kasuwa, ta taɓe baki, ta ɓarke da kuka. Kafin in farga na ƙona hoto uku. Baba Sule ya taso daga kan buzunsa, ya karɓe usur ɗin daga bakina ya jefa a aljihu. Ya ce wa matar ta durƙusa nan gefen kyamara ta yi wa 'yarta magana yadda take yi mata a ɗaki. Ni kuma ya ce in rufe bakina in buɗe kunnena.

Matar ta ce, “Wa ya taɓa mini ke?” Sai ta yi shiru.

Shirun nan shi ne ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata, alhali a gidan yawa na tashi. Ta yi tambaya, ta tsaya tana jira, kamar da babban mutum take magana. Yarinya ta haɗiye kuka, ta motsa kafaɗa, ta tattara leɓe, ta ce aguu. Uwar ta ce iye, haka aka yi? Ta sake yin shiru. Yarinya ta ƙara wani gwarancin, wannan karon mai tsawo, da gani ƙarata take kaiwa. Uwar ta ce ai kuwa ba shi da kirki. Tana rufe baki, kafin yarinya ta buɗe nata, Baba Sule ya danna. Sau ɗaya. Ya koma kan buzunsa.

Hoton nan ya shekara goma a allon ƙofar shagonsa yana jawo mana mutane. Da na matsa masa da tambaya, abin da ya ce kawai shi ne jariri ba kurma ba ne kuma ba bebe ba ne, zance yake yi, ni ne nake katse shi.

Sauran ni na haɗa da kaina a hankali, da filim ɗin da na ɓata. In uwa tana magana, jariri saurare yake yi, fuska a sake, baki a buɗe, yawu na zuba, kamar alƙalin da ya ci tuwo ya ƙoshi. In ka ɗauka a nan, ka ɗauki dolo. In kuma shi ne yake nasa, baki a karkace yake, hannu na tashi, ƙafa na harbi, hoto ya fito kamar an shafa masa ruwa. Amma tsakanin ta gama da ya fara akwai wani ɗan fili, bai kai ka ce bismillahi ba. A nan gira ke ɗagawa, ido ya buɗe, duk fuskar ta taru wuri ɗaya saboda ya san yanzu shi ake jira. Wannan ɗan filin shi nake sayarwa shekara talatin.

Kuma ba ɗaya ba ne a kowane gida. Akwai uwa da ɗa masu sauri, ta ce ya ce, ta ce ya ce, kamar ciniki a kasuwar Kurmi. Akwai masu nawa, ta yi tambaya har ka zaci ya manta, sannan ya amsa. Dole ka bari su yi zagaye uku ko huɗu ka ji tafiyarsu kafin yatsanka ya motsa. Akwai wani yaro da aka taɓa kawo mini, in ya karɓi magana ba ya mayarwa, uwar na buɗe baki yana hawa kanta. Rabin awa muka yi. Na ce mata wannan sai dai ki yi haƙuri. Yanzu ɗan kamasho ne a tasha, ina jin muryarsa tun daga titi.

Iyaye maza kuwa ban taɓa samun hoto ta hannunsu ba. Uba zai tsaya a kan yaro ya ce kai, yi dariya mana, kamar yana aiken sa sayen ashana. In bai yi ba ya cilla shi sama. In ya yi amai ya miƙa wa uwar.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta huɗu da buɗe shagona a Gwammaja. Filim ya yi tsada, daga baya ma ya ɓace, sai ka zagaye gari a keke ka dawo hannu wofi. Damina ta zo da ƙarfi, rufin ya yi yoyo daidai kan labulen jirgin sama, launi ya zuba, jirgin ya koma kamar ya faɗa kogi. Wuta kuma sai a yi mako ba a ga ƙyallinta ba. Filim ɗaya nake ja kwana goma sha biyar, wanda aka ɗauka a farko sai ya jira na ƙarshe kafin a wanke. Wani ango har amaryarsa ta yi yaji ta dawo bai ga hoton bikinsa ba. Kullum da zagin da nake karyawa da shi.

A cikin wannan hali, wata Laraba da hantsi, wata dattijuwa daga unguwar Kabara, Hajiya Tabawa, ta ɗaga labulen shagona da goyo a bayanta. A bayanta kuma wata yarinya ce doguwa, ba ta fi shekara goma sha tara ba, riƙe da jaka, tana tafe kamar rakiya aka roƙe ta. Hajiya ta sauke goyon, namiji ne ɗan wata huɗu, ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta karanta mini komai. Yarinyar sunanta Dije, matar ɗanta Habibu ce. Habibu tela ne, ya tafi Jidda neman abinci tun cikin yana wata uku, bai taɓa ganin ɗansa ba. Ya aiko cewa ba ya son kilishi, ba ya son yaji, hoton yaron kawai yake so. Akwai maƙwabcinsu da zai tashi gobe bayan azahar, in ya tafi kuma ba a san ranar da za a sake samun mai zuwa ba. Kuma hoton na dariya take so. Ba za ta aika wa ɗanta yaro a murtuke ba, ya zaci ba a ba shi abinci.

Na duba kyamara. Saura hoto biyar a filim, kuma na san ko zan tona birnin nan ba zan sami wani kafin gobe ba. Na ce biyar ai sun isa. Na jera matasai a kujera, na kafa yaron a tsakiya, na juya wajen Dije na ce ta matso nan ta yi masa magana yadda take yi masa a ɗaki.

Dije ta sunkuyar da kai kamar na zage ta. Hajiya ta dube ni tun daga hula har silifa.

“Malam, a ina ka tashi? Ɗan fari ne fa. A gabana za ta yi masa magana?”

Nan na san na taka wuta. Ku yaran yanzu kuna ganin mace ta haifi ɗan fari ta ɗora shi a waya tana kiran sa masoyina, duniya na kallo. A lokacin, kuma a irin gidajen nan, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta dubi wani wajen har wani ya ɗaga shi. Dije kuma Bafillatana ce, su da kunyar ta fi tsanani. Ƙari a kan haka, sunan mijin Hajiya marigayi aka sa wa yaron, wato sunan surukinta. Ta ko'ina an rufe mata baki.

Hajiya ta ce in bar wannan, ita za ta yi. Ai mijinta ne, wa ya fi ta sanin abin da ke ba shi dariya? Ta gyara mayafi, ta durƙusa a gaban jikan, ta fara. Maigida, maigidana, na Tabawa ba da kanka a sare, ina goron da ka ce za ka sayo mini, ina atamfar salla, ka zauna ka yi ƙiba ka bar ni da tsumma, wallahi zan kai ƙararka wajen mai unguwa, dubi kumatu, dubi wuya kamar na mai kuɗi. Ba ta tsaya ba. Ko numfashi ban ga inda ta ja ba. Sau biyu ina gani yaron ya ɗaga gira, ya tattara leɓe zai amsa, ta bi ta kansa ta wuce. A na uku ya haƙura, ya juya fuska ya kama kallon bango.

Na ɗauki na farko don ta ce in ɗauka, na san kunne na ɗauka. Na biyu hamma. Na uku tana gyara masa hula, hannunta ya rufe rabin fuskar. Raina ya ɓaci, na manta duk abin da na koya, na durƙusa na yi masa kukan akuya. Ya zabura, ya ɓare baki, ni kuma yatsana ya riga ya tafi. Huɗu ke nan. Saura ɗaya.

Yana cikin kukan nan na ji wani abu. Dije tana can lungu, idonta a kan rufi kamar tana ƙirga azara, ta yi wani ɗan gyaran murya, ƙasa-ƙasa, ko sauro ya fi shi ƙara. Yaron ya yanke kuka kamar an kashe rediyo. Ya juya kai wajen, ya tsaya yana jira. Ita kuma ba ta ƙara ba. Na ce a raina, af, ashe mutanen nan biyu sun daɗe suna hira, mu ne ba a gayyata ba.

Na ce, “Hajiya, maigidan nan naki tun ɗazu yake neman ya sa baki, ba ki bar shi ba.”

Ta ce, “Mai sunan nasa ma shekara arba'in bai samu ya sa baki ba, kuma lafiya muka rabu.”

Na ga ta nan ba hanya. Sai na shirya ƙarya, Allah ya yafe mini. Na leƙa kyamara, na girgiza kai, na yi tsaki, na ce na gano matsalar. Rana ce ke shigowa ta gefen labulen ƙofa tana ƙona filim, shi ya sa yaron ma ya ƙi sakewa. Dole a sami mai ƙarfi ya tsaya daga waje ya kama labulen ta gefe biyu ya danne da bango, kada ko zare na haske ya shigo. Na dubi Dije na ce wannan ba za ta iya ba, ba ta da hannu. Hajiya ta ce ai yaran yanzu ko tsintsiya ba su iya riƙewa ba. Ta tashi ta fita, ta baje hannuwa a labule, rana na dukan ta. Ba a jima ba na ji ta kama faɗa da mai goron da ke maƙwabtaka da ni a kan goronsa duk ƙwari ne.

Na gyara yaron a matasai, na saita kyamara, na ɗan buɗe ta da faɗi don kada ya zame ya fita daga hoton. Na ɗaura igiyar dannawa, na ja ta ta ƙarƙashin ƙofar ɗan ɗakin da nake wanke fasfo. Sannan na fuskanci bango, ba Dije ba, na ce ni zan shiga in haɗa magani, kuma ɗakin nan in na rufe shi ko ganga aka buga a shago ba na ji. Ƙofar langa-langa ce, ta sha tsatsa, ko ƙuda ya yi tari a waje sai ka ji. Ita ma tana ganin ƙofar. Na shiga na rufe.

Ga ni a duhu, ƙwallon roba a hannu, ba na ganin komai, hoto ɗaya ya rage. Shiru. Yaron ya fara ƙananan koke-koke. Hajiya ta ɗaga murya daga waje tana tambaya ko an gama, na yi kamar ba na ji, tunda na riga na ce ba na ji. Har na fara tunanin yarinyar nan ba za ta yi ba.

Sai na ji takun ƙafa, da ƙarar awarwaro. Sai raɗa. Da Fillanci take yi, ni kuma Fillancina bai wuce gaisuwa da tambayar nono ba. Ban fahimci kalma ɗaya ba, kuma ban bukata ba. Muryar ta tafi, ta ɗaga a ƙarshe kamar tambaya, ta tsaya. Shiru. Shiru. Sai yaron ya ce ehh, da sauran kuka a ciki. Na ce wannan ƙara yake kaiwa, ni da akuyata da Hajiya duk muna ciki, ba yanzu ba. Ta amsa masa a hankali, ta tsaya. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, sannan ya shigo. Mai nawa ne, ba mamaki gadon mai sunan ne. Zagaye na uku ta ɗauki irin sautin da ya yi ta mayar masa, ta ja shi ya yi tsawo. Ya mayar mata da ƙarfi, har ina jin dunduniyarsa na dukan matashi. Yatsana ya so ya tafi, na hana shi, yanzu hannuwansa na sama. Na huɗu ta yi wata doguwar magana har da 'yar waƙa a ciki, na ji tsoron kada ta zama Hajiya. Amma ta tsaya. Ya ba ta amsa gajeriya. Sai ta faɗi wata kalma guda, 'yar ƙarama, ta yi shiru. Ɗaya. Biyu. Na ji ya ja numfashi.

Na matsa. Filasha ta haska ta ƙarƙashin ƙofa, dariyar ta biyo baya.

Na ɗan jima ina kwankwasa kwanoni kafin in fito. Na tarar da Dije a lungunta, jaka a hannu, ido a kan azara. Na ce wa Hajiya ta saki labule. Ta shigo tana zufa, ta ce wanda ya gina shagon nan bai san gabas ba, ta goya jikanta suka tafi, a kan za ta dawo da safe ta karɓa.

Na cire filim na hau keke zuwa wajen masu injin wankin hoto a bayan ganuwa, na zauna a kansu har bayan la'asar. Huɗun farko yadda na zata, kunne, hamma, hannun Hajiya, kuka. Na biyar kuwa ban taɓa ɗaukar irinsa ba, kuma ban sake ba. Ido a buɗe, gira a sama, dasashi duk a waje. Sai dai faɗin da na ƙara ya ja mini. A gefen hagu ga Dije nan ɓaro-ɓaro, mayafi ya zame, hancinta ya kusa taɓa nasa, tana dariya har ana ganin wushiryarta. In Hajiya ta ga wannan, kafin magariba duk Kabara ta ji cewa surukarta ba ta da kunyar ɗan fari, kuma sunan da zai bi yarinyar ke nan har ta yi jika. In na ɓoye shi kuma, mutumin Jidda kunne za a kai masa. Na ce wa mai injin ya ƙara wanke mini na biyar ɗin, ya zama biyu.

Washegari da na dawo daga masallaci na buɗe shago, na ɗauko rula da sabuwar reza. Na ɗora ɗaya a kan katako na yanke Dije tsaf, ko bakin mayafinta ban bari ba, na sa yaron shi kaɗai a ƙaramin firam. Ɗayan, cikakken, na kifa shi a baya tsakanin hoton da kwali, na buga ƙananan ƙusoshi huɗu. Sannan na ɗauki biro. A aji uku na bar makaranta, sai da na gwada sau biyu a bayan kwalin ashana kafin in rubuta a jikin kwalin firam ɗin da boko: Habibu buɗe baya.

Hajiya ta zo da hantsi ita kaɗai. Ta riƙe firam ɗin nesa da ido, ta matso da shi, ta daɗe tana kallo.

“Ban gaya maka mijina ne ba? Muryata ya jiyo ta bayan labule.”

Na ce ƙwarai kuwa, Hajiya. Ta juya bayan, ta ga rubutu, ta tambayi mene ne wannan kuma. Na ce sunan shago ne. Ta ce rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ta naɗe shi a gefen mayafinta, da na gaban da na bayan, ta ce ba za ta ba kowa aike ba, ita za ta kai wa matafiyin da hannunta.